Me ya sa mudun da muke auna wa mutane ba shi muke auna wa kanmu ba?

Baban Sumayya:
Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a ba ni amsa.

Ranar 27 ga Oktoba 1999 aka yi taron ƙaddamar da shari'a a Gusau, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, daga baya jihohin da suka bi sahu suka kai 12 har da Zamfaran. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Talata Mafara saboda satar saniya. Shekara ta zagayo, aka yanke na wani bawan Allah saboda satar kekuna. A Oktoban 2001 kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jefewa, a Maris na 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irinsa. Ɗaukaka ƙara ce ta kuɓutar da su, Safiya a 2002, Amina a Satumban 2003. Mazan da suka ambata kuwa musawa suka yi, aka sallame su, kowa ya kama gabansa.

To ku riƙe wannan. A Janairun 2013 John Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifinsa a gaban babbar kotu a Abuja kan biliyoyin naira na tsofaffin da suka ƙare ƙarfinsu a aiki. Aka ce ya yi shekara 2 a gidan yari ko ya biya tarar naira 750,000. Ya zaɓi tarar. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara 6 tare da biyan naira biliyan 22.9. A Afrilun 2022 kuma aka yi wa tsofaffin gwamnoni biyu afuwa, Joshua Dariye da Jolly Nyame, bayan kotu ta tabbatar sun ci kuɗin jama'a.

Ba shari'ar Allah nake tuhuma ba, Allah ya tsare ni. Mu nake tuhuma. Mu da muka yi kabbara ranar da aka yanke hannun ɓarawon saniya, mu ne ke miƙewa tsaye idan ɓarawon biro ya shigo ɗaurin aure, mu matsa masa a kan darduma, mu ce ranka ya daɗe. Fushinmu a kan zunubi yana da ido, yana duba wanda ya aikata kafin ya tashi. Wannan shi nake so mu tattauna.

Almajirin Malikiyya:
Wa alaikumus salam. Baban Sumayya, Allah ya saka da alheri, amma ka gwama abubuwa uku a kwano ɗaya, kuma sai an raba su za a yi adalci.

Na farko, maganar matan nan. A mazhabarmu ta Malikiyya, ciki ga matar da ba ta da miji hujja ce, sai dai idan ta kawo abin da ke nuna an tilasta mata ko akwai shubuha. Sauran mazhabobi uku ba su ɗauki ciki kaɗai a matsayin hujja ba. Namiji kuwa ba a kama shi sai da iƙirarin bakinsa ko shaidu huɗu da suka gani ƙuru-ƙuru. An tsananta sharaɗin ne don a rufa wa mutane asiri, mace da namiji, ba don a fifita wani ba. Kuma wannan fiƙihun dai shi ya ceci Amina Lawal, domin daga cikin abin da kotun Katsina ta dogara da shi akwai janye iƙirari da kuma maganar kwantaccen ciki, wanda malamanmu suka ce yana iya kaiwa shekara biyar bayan rabuwa da miji.

Na biyu, sata daban, ha'inci daban. Haddin sata yana da sharuɗɗa: abin ya kai nisabi, a ɗauke shi a ɓoye daga ma'ajiyarsa. Wanda aka damƙa wa amana ya ci, hukuncinsa ta'aziri ne, alƙali ya duba abin da ya dace da shi.

Na uku, John Yusuf ba a gaban kotun shari'a ya tsaya ba, haka Dariye da Nyame. Bai kamata a ɗora wa alƙalin Talata Mafara abin da alƙalin Abuja ya yi ba.

Lauyan Talaka:
Allah ya gafarta Malam, bayaninka daidai ne a littafi. Bari in ƙara abin da ke cikin kundin doka da abin da ke faruwa a harabar kotu. Dokar hukunta laifuffuka ta shari'a da Kano ta yi a 2000 ta tanadi yanke hannu ga jami'in da ya wawure kuɗin gwamnati. Ke nan waɗanda suka rubuta dokar sun hango wannan giɓin sun toshe shi a takarda. Yanzu a duba waɗanda aka gurfanar da su a jihohin nan tun daga lokacin: makiyayi, ɗan dako, bazawarar ƙauye, yaron da ya fasa shago. Gwamna kuma da mataimakinsa sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya ba su kariya muddin suna kan kujera, ba kotun da za ta kira su. Mutum ya sa hannu a kan dokar da ba za ta taɓa shi ba.

Sannan Safiya da Amina duka ba su da lauya a zaman farko. Ba wanda ya faɗa musu cewa suna iya janye maganarsu, ba wanda ya faɗa musu ma'anar abin da suke amsawa. Da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka shigo, da littattafan Malikiyyar nan suka kare Amina. Hujjar tana nan tun farko, mai ɗauko ta ne babu. Mai kuɗi yana zuwa kotu da wanda zai ɗauko masa kowace shubuha. Talaka yana zuwa shi kaɗai, an tambaye shi ya ce e.

Almajirin Malikiyya:
Wannan kam ba ni da ja a kai, Barista. Hasali ma abin da ka faɗa shi ne Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kansa. Lokacin da wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaid ya nemar mata sassauci. Annabi ya yi fushi, ya hau ya yi huɗuba, ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne idan babba ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi, ya rantse cewa da Fatima 'yarsa ce ta yi sata zai yanke hannunta. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Ga kuma Sayyidina Umar. Bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a suka sace raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Umar ya gane yunwa ubangidansu ke bar su da ita, bai yanke hannunsu ba, Haɗib ya ci tara ninki biyu na kuɗin raƙumar. Wato kafin ya dubi hannun ɓarawo sai da ya dubi wanda ya jefa shi cikin yunwa. Abin da na ƙi kawai shi ne a ce laifin na hukuncin ne. Na masu zartarwa ne.

Matashin Arewa:
Ni abin da ke ba ni haushi da irin wannan hira shi ne kullum kanmu muke yanka wa. Lokacin shari'ar Amina Lawal duniya ta tashi a kanmu, jaridun Turai da Amurka suna kiranmu dabbobi, har wasu suka ƙaurace wa gasar sarauniyar kyau ta 2002 saboda ita. Ba a jefe kowa ba har yau. Su kuwa a 2003 suka afka wa Iraƙi da hujjar makaman da ba a taɓa gani ba, a 2004 hotunan kurkukun Abu Ghraib suka fito, Guantanamo tun 2002 suke tsare mutane ba shari'a. Idan munafunci ake nema ga shi can, me ya sa ba za mu fara da su ba?

Baban Sumayya:
Ƙanena, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ban cire ko ɗaya ba. Amma ka lura da abin da ya faru yanzu. An ce mu duba gidanmu, sai muka ɗaga kai muka hango Amurka. Wannan ita ce cutar da nake magana a kai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen Iraƙi suna da hakki a kan waɗanda suka zalunce su, Allah zai bi musu. Tsohon ɗan sandan da ya mutu yana jiran fanshonsa kuwa ba Bature ne ya cinye masa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Salamu alaikum. Ku maza kun tafi kotu da Amurka, ni bari in dawo da ku tsakar gida, don a nan abin yake farawa.

'Yar ƙanwata tana aji biyar na sakandare wani yaron unguwarsu ya yi mata ciki. Ba baƙo ba ne, shekara guda yana zuwa zance ƙofar gidan, kowa ya san shi, har kayan sallah ya kai. Ranar da abin ya bayyana, ubanta ya ce kada ta ƙara kwana a gidansa. Da asuba aka sa ta a mota da kayanta a buhu zuwa ƙauye wajen kakarta, ba a bar ta ta yi sallama da ƙannenta ba. Makaranta ta tsaya. Ƙanwarta da aka sa wa rana, dangin mijin suka aiko a mayar musu da kayansu, wai gidan ba tarbiyya. Uwarsu ta daina zuwa biki da suna saboda kallon da ake yi mata.

Shi kuma yaron, da aka je gidansu, mahaifinsa ya fito ya ce ɗansa ya rantse ba shi ba ne, maganar ta ƙare. Bayan wata takwas aka ɗaura masa aure da wata yarinyar. Na ga motocin ɗaukar amarya da idona, sun cika layin. Mutanen da suka hana 'ya'yansu gaisawa da 'yar ƙanwata su ne suka ci shinkafar walimarsa. Waɗanda suka san gaskiya abin da suke cewa shi ne, "ƙuruciya ce, ai yanzu ya nutsu." Ita kuwa har yau sunanta "wadda ta yi abin kunya," ɗanta kuma "ɗan gaba da fatiha." Yaron bai san komai ba, yana tafe yana koyon magana, an riga an yi masa suna.

Ban ce ba ta yi laifi ba. Ta yi, ta sani, ta yi kuka har ta gode Allah. Amma mutum biyu suka yi abu ɗaya. Ita an ƙi tubanta duk da ta furta shi, shi an karɓi nasa alhali ko amsa laifin bai yi ba.

Bazazzagi:
Hajiya, Allah ya kyauta, ya shirya mana zuri'a. Abin da tausayi. Amma kada tausayi ya sa mu rufe ido ga gaskiya. Mace da namiji ba ɗaya ba ne a wannan fagen. Ita ce ke ɗaukar ciki, ita ce makarantar farko, mutuncin gida a hannunta yake. Tsananin da iyayenmu ke yi wa 'ya mace ba ƙiyayya ba ce, kariya ce, don sun san idan abu ya lalace ita za ta kwana a ciki. Idan muka fara sassautawa muna cewa ai kowa na yi, ina za mu tsaya? Tsoron abin kunyar nan shi ya riƙe 'yan mata da yawa.

'Yar Maraɗi:
Malam Bazazzagi, da girmamawa, ba wanda ya ce a sassauta wa mace. Cewa aka yi a daina sassauta wa namiji. Ka buɗe Suratun Nur. Aya ta 2 ta ambaci mazinaciya da mazinaci tare, bulala ɗari kowannensu, ba a rage wa namiji ko ɗaya ba. Aya ta 30 maza aka fara umarta su runtse idanunsu su tsare farjinsu, sannan aya ta 31 ta zo kan mata. Mu a gida mun haddace ta 31 mun tsallake ta 30. Yarinya ta yi jinkiri a aike bayan magariba gida ya tashi, yayanta ya shigo ƙarfe ɗaya na dare a buɗe masa ƙofa a ce namiji ne. To wajen wa yake zuwa a daren? Wajen 'yar wani.

Kuma ku lura, mu a Nijar ba mu da dokar haddi, kotunanmu ba sa yanke hannu ba sa jifa, amma labarin da Hajiya ta bayar kamar a unguwarmu aka yi shi. Don haka ba a kundin doka matsalar take ba. A zukatanmu take.

Kariya da ka ce, kariya ita ce a tsare yarinya kafin ta faɗa. Korarta bayan ta faɗa ba kariya ba ce gare ta, wanke sunan gida ne.

Bazazzagi:
Na yarda a tsawata wa samari, ban taɓa cewa a ƙyale su ba. Amma ina nan a kan bakana cewa kunya garkuwa ce, kuma al'ummar da ta zubar da ita ta shiga uku.

Maman Walida:
Ni kuma 'yan'uwana mata zan juyo wa, kada mu ɗora wa maza komai. Wa ke zuwa binciken asalin yarinya idan za a yi aure? Mu ne. Wa ke cewa ɗana ba zai auri bazawara ba, alhali tata 'yar tana zaune a ɗaki da saki biyu tana addu'ar Allah ya kawo mai rufa mata asiri? Mu ne. Namiji ya saki mata huɗu, a ce bai dace ba ne, Allah bai haɗa jininsu ba. Mace ta fita gida biyu, a ce ba ta zaman aure.

Ga wanda na fi gani kullum. Uwa za ta zauna tana ba da labarin mijin 'yarta: shi ke kai ta asibiti, shi ke riƙe mata yaro idan tana girki, ko tsinke ba ya saye sai ya yi shawara da ita. Ta ɗaga hannu ta ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, 'yata ta dace. Ba a tashi daga zaman ba za ta koma kan ɗanta: wai an gan shi yana ɗauraye wa matarsa kwano, wai ya kai ta gidansu da kansa. Nan take murya ta canza, an shanye mini ɗa, ta mallake shi, sai an tashi tsaye. Aiki ɗaya ne fa. A gidan 'yarta sunansa dace, a gidan ɗanta sunansa asiri. Kuma wallahi da zuciya ɗaya take faɗa, ba ta jin ta yi wani tufka da warwara.

Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Munafukin da ya san yana munafunci yana iya tuba. Wanda son kai ya rufe wa ido yana ganin adalci yake yi.

Ɗan Dawanau:
Baban Sumayya, mudun da ka sa a kan maganarka mu a kasuwar hatsi ba misali ba ne, abu ne da ake riƙewa da hannu. Akwai mai awon da ke da kwano biyu a rumfa. Wanda yake saye da shi daga hannun manomi an buɗa masa baki, an dake gindinsa ya zurfafa, kuma idan yana awo sai ya tara hannu a gefe ya yi masa toliya. Wanda yake sayar wa mai cefane an buga gindinsa ya shigo ciki, ya cika shi a tsaitsaye ya share. A buhu guda abin da ke tsakanin kwanukan nan ba kaɗan ba ne. Akwai mai zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhu ya rufe da mai kyau a sama. Akwai mai jiƙa hatsi don ya yi nauyi.

To a irin wannan layin ne za ka ji an kwarma ihu, ɓarawo, ɓarawo. Yaro ya zari waya ko ya ɗebi tiya biyu a zani. Kafin ka ƙifta ido an yi masa rubdugu, wani da sanda, wani da dutsen awo, jini na zuba ta hanci, wani na kiran a kawo taya. Ka duba fuskokin masu dukan, za ka ga mai kwano biyun nan a gaba, shi ya fi kowa zafi, yana cewa irinsu ne suka lalata ƙasa. An gama ya wanke hannu ya koma rumfa ya ci gaba da awonsa.

Allah ya saukar da sura guda da sunan masu wannan hali, Muɗaffifina: waɗanda idan za su karɓa daga mutane sai sun cika, idan za su auna wa mutane sai su tauye. Muna karanta ta a sallah. Yaron ya ɗauki tiya biyu sau ɗaya, shi kuwa yana ɗaukar fiye da haka kowace rana, amma da yake a zaune yake yi cikin babbar riga sunansa ɗan kasuwa.

Lauyan Talaka:
A ƙara da na ƙabilanci. Da James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta, ya dawo daga ɗaurin da aka yi masa a Ingila a 2017, mutanensa suka fito da kiɗa suka tarbe shi a Oghara, mu a nan muka yi ta Allah wadai. Amma a ambaci kuɗin Abacha ka ga yadda ake tashi a kare. Switzerland ta dawo da dala miliyan 322 a 2017, an kuma dawo da dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey a 2020, duk gwamnatin Najeriya ta karɓa a hukumance. Har yanzu akwai mai ce maka ajiya ya yi wa ƙasa. Ɓarawon wasu ɓarawo ne, namu kuma sai an yi bincike.

Matashin Arewa:
Barista, to ai ka dawo kan maganata ta wata hanya. Kowa na yi. Kudu na yi, Turawa na yi.

Lauyan Talaka:
Kowa na yi, shi ya sa kowa zai fara da wanda hannunsa ke kaiwa.

Bazazzagi:
Tambaya ta gaskiya nake da ita ga Malam. Idan muka bi wannan hanyar, ba za a wayi gari ba mai iya hana mummuna ba? Duk wanda ya buɗe baki a ce masa kai ma fa. Uba ya tsawata wa ɗansa a kan shaye-shaye ɗan ya ce kai ma kana shan sigari. Hisba ta kama giya a ce ai jiharku na karɓar kasonta na harajin kayayyaki, har da wanda aka tara daga giyar. Haka za a rufe bakin kowa, ɓarna ta yi ta tafiya.

Almajirin Malikiyya:
Tambaya mai kyau, kuma magabata sun amsa ta. An ruwaito daga Sa'idu ɗan Jubair cewa da mutum ba zai yi umarni da kyakkyawa ya hana mummuna ba sai ya zama ba shi da laifi ko kaɗan, da ba wanda zai yi umarni ko hani. Imamu Malik ya ji maganar ya gaskata ta. Don haka uban da ke shan sigari wajibi ne ya hana ɗansa ƙwaya, kuma "kai ma fa" ba ta wanke mai laifi.

Amma ka duba aya ta 44 a Baƙara, inda Allah ya ce shin kuna umartar mutane da alheri kuna mantawa da kanku. Malaman tafsiri sun ce abin zargin shi ne mantawa da kai, ba umarnin ba. Ba a ce ka yi shiru ba, an ce ka haɗa da kanka. Alamar wanda ya haɗa da kansa kuwa ana jin ta a muryarsa. Yana hani yana jin tsoro, yana rufa asiri, yana neman hanyar da mai laifin zai dawo. Wanda ya manta da kansa shi ne ke jin daɗin kamun, ya ɗauki hoto ya watsa a waya, ya fi son a ga mai laifin a wulaƙance da a ga ya shiryu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma bai ƙyale mu malamai ba. A Nurul Albab ya soki malaman ƙasar Hausa da ke zama safe da yamma suna karantar da ɗalibai a waje, sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida, ya ce karantarwar tasu neman suna ce. Sama da shekara 200 ke nan da ya faɗa. Wanda ya yi jihadi a kan zaluncin sarakuna bai ga cewa sukar na gida za ta raunana shi ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya gafarta Malam, tunda kana kusa, ina da tambaya a kan yaron nan na 'yar ƙanwata. Yanzu kakar ce ke ciyar da su da kuɗin ƙuli-ƙuli. An ce mana akwai gwajin jini da ke nuna uban yaro. Idan aka yi ya tabbata, shari'a za ta tilasta masa ya ɗauki nauyinsa?

Almajirin Malikiyya:
Hajiya, zan faɗa miki yadda yake ko da ba daɗi. A wajen mafi yawan malamai, har da Malikiyya, yaron da aka haifa ba ta hanyar aure ba ana danganta shi ga uwarsa, yana gadonta tana gadonsa, ba ya gadon namijin, kuma ciyarwa ba ta wajaba a kansa ta fuskar nasaba. Akwai malamai irin su Hasanul Basri da Is'haƙ ɗan Rahawaihi da Ibn Taimiyya da suka ce idan matar ba ta da miji kuma namijin ya amsa cewa ɗansa ne, ana iya danganta masa shi. Gwajin ƙwayar halitta kuwa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta yarda a yi amfani da shi a bincike, amma ba a tsayar da haddi da shi ba.

Sai dai rashin wajabcin a gaban alƙali bai sauke masa nauyi a gaban Allah ba. Ba abin da ya hana shi ciyar da yaron, ya biya masa makaranta, ya yi masa wasiyya daga cikin sulusin dukiyarsa. Yaron kuma ba shi da laifin komai, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, haramun ne a goranta masa.

Lauyan Talaka:
Ta ɓangaren dokar ƙasa ma, sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani hakki saboda yanayin haihuwarsa. A yi masa takardar haihuwa yanzu, kada a bari sai lokacin shiga makaranta. Ita kuma uwar tana iya rubuta jarrabawar kammala sakandare a matsayin mai zaman kanta, ba sai ta koma aji ba. Maganar ciyarwa, shawarata a fara ta hanyar sulhu, a samu mai unguwa da limamin da mahaifin yaron ke jin nauyinsu, a zauna a rufe, ba a tsakar layi ba. Mutumin da ya rantse a gaban jama'a da wuya ya warware a gaban jama'a, amma a ɗaki yana iya amsa ɗaukar nauyi.

Hajiya Mai Atamfa:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Limamin unguwar shi ya ɗaura wa saurayin aure, kuma ya san duk abin da ya faru, don haka ta wajensa za mu fara. Zan sa mijina ya same shi bayan sallar Juma'a. Maganar jarrabawar kuma ni zan biya mata, Barista ka turo mini bayanin yadda ake rajistar.